Famfon Ruwan Anti Direba

Ina kan keken ɗinki, ina fama da hannun wata riga da ya ƙi zama, Anti Direba ta shigo shagona ko sallama babu. Kwali ne a hannunta. Ta dire shi a kan teburin yanka, a tsakiyar yadin mutane, ta riƙe ƙugu tana kallona.

Yara ne suka laƙaba mata wannan suna, ya bi ta har a bakin manya. Ita ke kwasar 'yan biyuna da yaran maƙwabta zuwa makaranta, a wata tsohuwar bas da ta saya bayan kamfanin da take wa aiki ya rufe. Tun muna gaisawa ta tagar mota har muka zama ƙawaye. In ta sauke yara sai ta biyo shago mu sha shayi, ta yi ta kushe ɗinkina, ni kuma in ce motarta tari take kamar tsohon mashayin taba. Ban taɓa ganin fuskarta a ɗaure haka ba.

"Maman 'Yan Biyu, kin gane wannan?"

Na ce, "Na ga kwali. Ɗauke shi daga kan kayan mutane, akwai baƙin mai a gindinsa."

Ba ta ɗauke ba. Ta ce, "Kwalin famfon ruwan da mijinki ya sa mini ne."

Maigidana bakanike ne. A watan da ya wuce motarta ta fara zafi, ruwa na tsiyaya ta ƙasa, ta zo nan tana ƙorafin kanikawa sun gama da ita. Ni na ce ta kai wa Baban 'Yan Biyu. Ni da bakina na ce mata in dai ita ce, ba zai ɗora ko sisi a kan kaya ba, don na tambaye shi a gida ya ce ba komai, ta kawo. Ya duba ya ce famfon da ke zagaya ruwa cikin inji ne ya mutu. Ya sayo sabo ya sa, ya faɗa mata kuɗin, ya ce yadda ya saya haka ya ba ta. Ta biya tana ta godiya.

Ta ce, "Yau da safe na je shagon ƙanenki sayen ƙwan fitila. Na hango irin kwalin nan a kan kanta, na tambaye shi nawa. Ya faɗi daidai abin da mijinki ya faɗa, amma bai kalle ni ba. Na ce, Dogo, tsakaninka da Allah? Ya share kanta da ba ta da ƙura, sannan ya faɗa mini gaskiya. Kuɗinsa rabin abin da na biya ne da 'yan kai. Kusan ninki mijinki ya yi mini."

Na ce wataƙila iri-iri ne, akwai mai kyau akwai na banza.

"A shagonsa aka saye shi. Shi ya miƙa wa mijinki da hannunsa." Ta matso kusa, ta rage murya, kuma wannan ya fi ihu zafi. "Ba riba nake ƙi ba. Kowa da abin da yake ci. Amma ya kira ni ƙanwarsa, ya ce bai ci komai ba, na yi ta sa masa albarka kamar wata sakarai. Kin san abin da na fasa saye don in biya shi? Tayar gaba. Fita ki duba ta, ta suɗe kamar tafin hannu. A kanta 'ya'yanki ke zuwa makaranta kullum."

Ta fice ta bar mini kwalin. Na leƙa ta ƙofa na ga tayar da idona kafin ta ja motar. Na rufe shago ko zaren keke ban cire ba.

Garejin yana bayan gidan mai, fili ne da rumfar kwano, ƙasar ta yi baƙi da mai har takalmi na maƙalewa. Motoci a jere, wasu bakinsu a buɗe, wata an ɗage ta a kan duwatsu tun bara ba wanda ya waiwaye ta. Na hango ƙafafun maigidana sun leƙo daga ƙarƙashin wata mota mai sheƙi. Mai motar na zaune a benci da babbar waya, ya naɗe ƙafar wandonsa kada ta taɓa ƙasa.

Na tsaya a kansa na ce, "Baban 'Yan Biyu, fito."

Ya zamo a kan kwalin da yake kwance, ya gan ni, ya ga abin da ke hannuna. Fuskarsa ba ta canza ba, sai dai ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Wa ya ba ki?"

"Wadda ka yi wa rantsuwa."

"Ban rantse ba."

"Ka ce yadda ka saya ka ba ta. A gabana ka faɗa."

Ya nuna mini benci ya ce in zauna ya sallami mutum tukuna. Na ƙi zama. Ya juya ga mai motar ya faɗa masa kuɗin takalman birki da ya sa. Mutumin ya ciro ya bayar ko tari bai yi ba. Sai ya faɗa masa kuɗin aiki. Nan take mutumin ya ajiye waya.

"Haba, Injiniya. Don kwance noti huɗu? Ai ko ni da ina da sifana da na yi."

Maigidana ya ce tun safe yake ƙarƙashin motar, noti ɗaya ya ci tsatsa sai da aka sa masa wuta. Mutumin ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa da yatsa biyu, ya ba shi abin da bai kai rabin abin da ya nema ba, ya ce a yi haƙuri gari ba kuɗi. Ya shiga motarsa ya kunna sanyi ya tafi.

Maigidana ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini. "Kin gani? Wannan ne kuɗin bayana da idona. Ƙarfe suke girmamawa, ba mutum ba. In na ce ƙarfe ya yi tsada sai su biya, in na ce guminmu ya yi tsada sai su yi dariya. To a ina kike so in saka shi? Ni na gano ciwon motar ƙawarki, bayan wasu sun canza mata abin da lafiyarsa ƙalau. Ni na bar aiki na tafi kasuwa, ni na san na gaske da jabu. In famfon ya ba da matsala gobe, wa za ta kawo wa? Ni zan kwance inji in sake ɗaurawa kyauta, Dogo na zaune a inuwa yana jin rediyo. Hayar filin nan fa? Sifanar da ta karye fa?"

Na ce, "Da ka faɗa mata haka."

"Da na faɗa mata haka da ta yi abin da wannan ya yi."

"Ba ka gwada ta ba. Ka zaɓi ka yi mata ƙarya, ka sa ni ma na yi mata."

Ya yi wani murmushi da na tsana. "Ke da kike ɗinki, zif da shafin da kike sayo wa mata, yadda kika saya kike ba su?"

Maganar ta soke ni, amma ban bari ya gani ba. Na ce ni kuɗin riga nake faɗa dunƙule, mai so ta biya, marar so ta tafi. Ban taɓa riƙe zif na ce wa mace ƙanwata ban ci komai a kansa ba. Na gaya masa zancen tayar. Nan ne kawai ya kau da kai.

"Ban san da wannan ba."

"To yanzu ka sani. Mayar mata da abin da ka ɗora."

"Ba sata na yi ba da zan mayar." Ya jefar da tsumman. "Abincin da kika ci jiya, da takalman yaran nan, daga ina kike tsammani suka fito? Kin daɗe kina cin abin da na ɗora wa mutane, bai taɓa tsaya miki a wuya ba sai yau da ya faɗo kan ƙawarki."

Abokan aikinsa duk sun daina buge-buge sun kasa kunne. Na ajiye masa kwalin a kan motar da ke kusa na juya, don na san in na ƙara kalma ɗaya ba za ta ɗauku ba.

Daga nan kasuwar kayan gyara na nufa. Dogo ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi, tsawonsa ne ya cinye sunansa. Shagonsa na bakin layi, wuri mai kyau, kuma maigidana ne ya jawo masa kanikawa lokacin da ya buɗe. Na same shi zaune tsakanin kwalaye, bel-bel ɗin inji na rataye a kansa kamar macizai. Yana ganina ya miƙe.

"Yaya, na san abin da ya kawo ki."

"Ba ka sani ba. Tun yaushe kake faɗa wa mutane farashin ƙarya?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce kowa a layin haka yake yi. Bakanike zai sayi kaya, kafin ya fita ya ce, in mai motar ya kira ko ya zo, kaza za ka ce. In ka ƙi, gobe ba za ka gan shi ba. "Shi kansa Yaya Babba, mijinki, ya ce mini in matar nan ta tambaya, ga abin da zan faɗa. Na faɗa kuwa. Amma da ta haɗa ni da Allah, bakina ya ƙi. Ita ke ɗauko 'yan biyu, har alewa take ba su. Kuma ni na gaji, Yaya. A nan za su matse ni har sai na kusa faɗuwa, su fita su ninka, sannan ni ne zan tsaya musu shaida."

"To sannu, mai gaskiya. Sauran mutanen da ba su san su haɗa ka da Allah ba fa? Su ba mutane ba ne?"

Ya hau gyara kwalayen gabansa. Na ci gaba.

"Kuma da ya ce ka yi mata ƙarya, me ya hana ka kira ni tun ranar? Da na kashe wutar nan a cikin gida. Ka bari sai da ta zo ta wanke ni tas a shagona."

"Ban so in shiga tsakaninki da mijinki ba."

"Ai ka shiga, har da takalmi."

Na bar shi a tsaye. A hanya haushin kowa nake ji, har na mai gyaran tayar da ya gaishe ni.

Na yi zaton abin zai tsaya a nan. Anti Direba ba ta tsaya ba. Washegari da ta sauke yara ta wuce garejin, lokacin da masu motoci suka cika benci. Matar mai shayin wurin ce ta ba ni labari. Ta ce Anti Direba ba ta zagi kowa ba, tsayawa kawai ta yi a tsakiyar fili ta faɗi abin da aka sayi famfon da abin da ta biya, ta faɗi shagon da aka saya, ta ce duk mai shakka ya je ya tambayi Dogo, amma ya haɗa shi da Allah tukuna. Wasu suka yi dariya. Wani dattijo bai yi ba, ya tashi ya ce a sauke masa motarsa daga jak. Kafin azahar mutum biyu sun tafi shagon Dogo da kwalayensu, shi kuma da ya riga ya fara faɗin gaskiya, ya ƙarasa.

Kanikawan suka haɗe kai. Ba na garejin maigidana kaɗai ba, har na wasu unguwanni. Ba wanda ya ce wa Dogo uffan. Sun daina zuwa ne kawai. Sai su wuce ta gaban shagonsa, su shiga na maƙwabcinsa, su fito da kaya a kafaɗa. Maƙwabtan nasa ma suka ɗauke masa gaisuwa, wai ya tona asirin layi. Masu motocin da ya faɗa wa gaskiya sun yaba masa ƙwarai, suna cewa irinsa sun yi ƙaranci, amma mai mota sau nawa yake sayen famfo a shekara? Yabo ya yi yawa, ciniki ya mutu.

Wata safiya yara sun tafi, maigidana na ɗaura igiyar takalmi, na tsaya a bakin ƙofa na tare hanya.

"Ka ce su koma shagon yaron nan."

"Ni na hana su?"

"Kai suke kallo. Ran da ka taka shagonsa za su bi ka."

"Ya zubar mini da mutunci a gaban mutanen da na shekara ina wa aiki. Dattijon da ya janye motarsa, tun kafin in aure ki nake duba masa ita."

"Kai ka zubar da abinka. Shi tambayarsa aka yi."

Ya miƙe. "Kin san me na yi bayan abin nan? Na ce bari in gwada naki. Wani ya kawo mota, na faɗa masa kuɗin kaya yadda yake, na faɗa masa kuɗin aikina yadda ya kamata. Ya kalle ni ya ce ashe abin da ake faɗa gaskiya ne, na zama ɗan damfara. Ya kai ta rumfar can gefe, aka ninka masa kaya aka rage masa kuɗin aiki, ya biya fiye da nawa yana washe baki. Je ki gyara su tukuna, sannan ki dawo kaina."

Na ce, "Na ji, an cuce ka. Wannan ne ya ba ka izinin ka kashe wa ƙanena kasuwa?"

"Ƙanenki ya zaɓi baƙuwa a kaina."

"Ya zaɓi kada ya rantse a kan ƙarya."

Ya ce in ba shi hanya. Na ba shi. Da ya dawo ranar ya sami abincinsa a rufe a kan tebur, ni ina ɗaki, haka kuma muka ci gaba. Umma, mahaifiyarmu ni da Dogo, ta kira mu ta yi magana, ta ce surukai ba sa haka. Ya durƙusa ya ce to, Umma, za a gyara. Bai gyara komai ba.

Anti Direba ta sa sabuwar taya, ban san inda ta samo ba, ban kuma tambaya ba. Ta ci gaba da ɗaukar 'yan biyu, ba ta taɓa nuna musu komai ba. Amma ta daina biyowa shago. Da na tare ta wata rana na ce ta ga abin da maganarta ta jawo wa Dogo, sai ta kalle ni ta cikin madubi.

"Ni na jawo masa? Ni aka cuta, Maman 'Yan Biyu. So kike in yi shiru don 'yan gidanku su zauna lafiya?"

Na ce da ta bar sunansa a waje.

"Da wa zai yarda da ni?"

Maganarta ta ƙara mini haushi. Ta ja motarta.

Da lokacin sabunta haya ya zo, Dogo ya saki shagon bakin layi. Ya kama wata 'yar rumfa a ƙarshen kasuwa, kusa da masu tsofaffin tayoyi, inda ruwa ke kwanciya in an yi sama. Na rufe shagona na je taya shi kwashe kaya. Muna cikin cusa matatun mai a kwali, sai ga maigidana ya tsaya a ƙofa da wata motar ɗaukar kaya da ya aro. Ya sauko ya buɗe bayanta, bai kalli kowa ba.

"A zuba a nan," ya ce wa iska.

Dogo ya miƙe, kansa na taɓa rufi. "Mun gode, Yaya Babba. Na kira mai kura."

"Kura za ta yi sawu goma. Kada ka yi taurin kai."

"Da kaya ka zo saye, ko da ƙwan fitila ne, a gaban mutanen layin nan, da ba sai an kwashe ba."

Maƙwabta sun fito ƙofofinsu suna kallo. Na ga jijiyar wuyan maigidana ta tashi. Na san shi, ya zo ne don a ce ya zo, kuma a ransa yana ganin wannan ya isa ban haƙuri. Ya juyo gare ni.

"Ki yi masa magana."

Na ce, "Na gaji da yi wa mutane magana a madadinka."

Ya rufe bayan motar da ƙarfi har wani kwali ya faɗo daga kanta. Ya shiga ya tayar, amma layin ya matse, sai da ya yi ta baya da gaba kafin ya samu ya juya, duk jama'a na kallonsa, wani ma yana ba shi hannu.

Dogo ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Yaya, kin ga dai ba ni na..."

"Rufe mini baki. Kai ma ba ka fita ba."

Mai kura ya iso. Muka loda masa manyan kaya, na ɗauki kwalin matatun a kaina, Dogo ya rungumi bel-bel ɗinsa, muka bi bayan kurar zuwa ƙarshen kasuwa muna tsallake ruwa.